Lissafin kasuwa da lissafin lakwal

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, yaran da ke tallar albasa ba su kuskuren canji. Amma da yawansu suna faɗuwa lissafi a aji. Mi ya kawo haka?

Masana sun daɗe suna bin wannan tambaya. A 1985, masu bincike uku, Carraher da Carraher da Schliemann, suka buga sakamakon aikinsu kan yara ƴan talla na Resife, ƙasar Barazil: a bakin ciniki sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 daidai, da aka rubuta masu lissafin tsura bisa takarda, kashi 37 kaɗai.

A nan gida akwai ƙarin nauyi. Kasuwa da dala take ƙidaya: tamma 100 dala ashirin ce, tamma 1000 jikka guda. Littafin aji kuwa da tamma yake magana, cikin Faransanci. Yaro sai ya juya harshe, ya riɓa lamba sau biyar, kafin ya soma aikin da aka ba shi.

Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram tun 1973, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa wajen koyarwa. Abin da ya saura, binciken INDRAP da na jami'ar Yamai ya fito cikin Hausa, ya isa hannun malaman Ƙonni da Malbaza da Illela. Ɗan kasuwa na neman magajin da ya iya riƙe littafin shago. Gwamnati na neman akawu. Dukansu daga aji guda za su fito.