Me Ya Sa Tabon Ƙuna Yake Jan Gaɓa?

A gidajen haya na Maamobi da Nima, tsakar gida ɗaya ce wurin girki da wanki da wasan yara. Ga tukunyar koko a kan gawayi, ga kaskon ƙosai, ga yaro yana rarrafe. Shi ya sa ƙuna ba baƙuwa ba ce a nan, kamar yadda ba baƙuwa ba ce a ƙauye. Iyaye sukan kula sosai da ciwon har ya warke. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, bayan fata ta rufe, akwai sauran aiki.

Jikinki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba a zaune kawai suke ba. Suna kama abin da ke kusa da su, suna ja. A 1980 wani masani a Amurka mai suna Albert Harris, shi da abokan aikinsa, sun ɗora irin waɗannan ƙwayoyi a kan roba mai laushi, siririya ƙwarai. Da suka duba, sai suka ga robar ta tattare a ƙarƙashin ƙwayoyin, kamar yadda zane yake tattarewa idan kin damƙe shi. Daga baya aka sami hanyar auna ƙarfin. Akan zuba ƙananan ɗigo masu haske a cikin wani abu mai laushi, a ɗora ƙwayar a kai, a auna nisan da kowane ɗigo ya gusa. Ƙarfin ƙwaya ɗaya kaɗan ne. Sai an haɗa ɗaruruwa ko dubbai kafin jansu ya kai nauyin ƙwayar gero guda.

To, amma a cikin babban ciwo miliyoyi ne, kuma ba sa hutawa dare da rana. Su ne suke jawo bakin ciwo ya haɗu. Wannan alheri ne idan yanka ne ƙarami. Idan kuwa ƙuna ce mai zurfi a wuya, ko hammata, ko gwiwar hannu, ko tafin hannu, ko bayan gwiwa, jan yakan wuce kima. Yaro yana jin zafi, sai ya naɗe hannu don ya sami sauƙi. Ƙwayoyin kuma su ɗinke fatar a yadda suka same ta. Bayan 'yan watanni hannu ya ƙi miƙewa, ko yatsu su manne, ko haɓa ta sunkuya zuwa ƙirji. Wannan ba sammu ba ne, kuma ba laifin yaron ba ne.

Da zarar ƙuna ta faru, ki zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. Kada ki shafa man goge baki, ko ƙwai, ko toka, ko manja. Ki rufe da ƙyalle mai tsabta ku tafi asibiti. Idan kina Maamobi, babban asibitin Maamobi yana kusa. Ƙuna mai tsanani akan tura ta sashen ƙuna na Korle Bu, inda ake dashen fata. Ƙunar da ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta rufe ba, ita ce ta fi barin tabo mai ja, don haka kada ki zauna da ita a gida kina jira.

Maganin ja shi ne miƙewa. Idan an sa wa yaro abin tallafi kamar karan ɗori don gaɓar ta zauna a miƙe, ki bar shi, musamman da dare. Zai yi kuka, kaka kuma za ta ce a cire masa. A nan ne tausayi yake cutarwa. Mai ƙuna a gaban wuya ya kwanta ba matashi. Ki riƙa miƙe gaɓar a hankali sau da yawa a rana, yadda ma'aikatan asibiti suka nuna miki. Idan fata ta rufe sarai, ki riƙa murza tabon da man kaɗanya. Tabo yakan ci gaba da ja har shekara guda ko fiye.

Ke ma kina iya auna wannan ja ba tare da na'ura ba. Kowace Juma'a ki ɗora hannun yaron a kan takarda, ya miƙe shi iyakar iyawarsa, ki zana gefensa da biro, ki rubuta kwanan wata. Idan zanen wannan mako ya fi na makon jiya lanƙwasa, kada ki jira ranar da aka ba ku. Ki ɗauki takardun ku dawo asibiti a wannan makon.