Kalmomin Sirrin Mutanen Fagam A Hannun Mai Shago

Kwanakin baya wani matashi mai shagon kwamfuta a Fagam, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, ya tare ni da tambaya. Ya ce jama'a na kawo masa aikin duba sakamakon jarrabawa da cike takardun neman aiki, har daga ƙauyukan kewaye, kuma ya gaji da buga suna da kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya a kan layin da ba ya rabo da yankewa. Yana so ya rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa shiga shafukan da kanta, sai dai bai san abin da fom ɗin ke aikawa ba.

Amsar ba ta da wuya. Gurbi biyu ido ke gani, amma a bayan shafin kowane gurbi da sunansa, kuma galibi akwai wani ɓoyayye mai ɗauke da lambar da ke sauyawa duk lokacin da aka buɗe shafin. Manhajar da ba ta fara ɗauko wannan lamba ba, tare da 'yar shaidar da shafin ke ajiyewa a kwamfutar mai shiga, korar ta za a yi ko da kalmar sirrin daidai take. Danna F12 a Chrome ko Firefox na buɗe wurin da ake ganin duk abin da aka aika. Wanda ba ya son wahala sai ya ɗauki Selenium, wadda Jason Huggins ya ƙirƙira a 2004, ta riƙa dannawa tamkar mutum ne a zaune. Daga nan kuma a ci karo da CAPTCHA, wato karkatattun haruffa ko hotunan nan da aka sanya musamman don tare irin wannan manhaja.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Kafin manhajar ta motsa, sai an jera mata sunaye da kalmomin sirrin mutane a wuri guda, a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Dattijon da ya kawo na 'yarsa bai san cewa sau da yawa kalmar nan ita ke buɗe imel ɗinta ba, inda sauran bayananta suke. Ba a banza hukumar JAMB ta karɓe rajistar ɗalibai daga irin waɗannan shaguna a 2017, ta mayar da ita cibiyoyin da ta tantance ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora nauyi a kan mai tara bayanan jama'a. Amma wa ke zuwa Fagam ya duba?

Na shawarce shi ya bar kowa ya buga kalmarsa da hannunsa, kada ya ajiye ko ɗaya. Sai ya yi murmushi, ya jawo durowa, ya fito da wani littafi cike da sunaye. Ya ce: "Malam, su da kansu ke roƙo na in rubuta musu, wai kada su manta kafin baɗi."