Gilashin da ƙashi ke karɓa kamar nasa

A Tudun Wada, in aka ce babur ya kayar da wani ya karye, nan take ake rabuwa biyu: wasu su ce a kai shi gidan mai ɗori, wasu su ce a wuce asibitin koyarwa na Shika. Mai ɗori zai ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Likita zai ɗauki hoto, ya sa filasta, in karayar ta yi muni ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Duk su biyun abu ɗaya suka dogara da shi, wato ƙashi yana haɗe kansa muddin bakinsa biyu na kusa da juna.

To, in wani yanki na ƙashin ya tafi gaba ɗaya fa? Ya ragargaje a hatsarin mota, ko ƙwayar cuta ta cinye shi yana ta zubar da mugunya kamar yadda ke faruwa da wasu masu sikila, ko an yanke shi saboda ƙari. Nan ɗori ba ya aiki, don ba abin da za a ɗora. Abin da likitoci suka saba yi shi ne su ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyacin su cike ramin. Yana aiki sosai, sai dai ciwo ya zama biyu, kuma abin da ƙugu zai iya bayarwa kaɗan ne.

A 1967 wani masani ɗan Amurka, Larry Hench, ya zauna kusa da wani kanar na soja a cikin bas. Kanar ɗin ya dawo daga yaƙin Biyetnam, inda ya ga ana yanke wa samari ƙafa da hannu saboda jiki yana ƙin ƙarfe da robar da ake dasa masa. Ya ƙalubalanci Hench ya ƙera abin da jiki ba zai ƙi ba. A 1969, a Jami'ar Florida, Hench ya narka gilashin da ya kira 45S5: kashi 45 cikin ɗari silika, sinadarin da ke cikin yashi, kashi 24.5 sinadarin sodiyam, kashi 24.5 na kalsiyam, da kashi 6 na fosfaras. Aka dasa shi a cinyar ɓeraye. Bayan mako shida aka zo cirewa, ya ƙi fita. Ya manne da ƙashin.

Ga sirrin. In an sa wa jiki baƙon abu, yakan naɗe shi da wani tantanin tsoka ya ware shi gefe, kamar baƙon da aka sauka a zaure ba a shigar da shi cikin gida ba. Shi wannan gilashi, da ya taɓa ruwan jiki sai ya fara narkewa a hankali. Sodiyam da kalsiyam su fita, samansa ya yi laushi, sannan kalsiyam da fosfaras su taru a kai su daskare su zama irin ma'adinin da aka gina ƙashi da shi. Da ƙwayoyin da ke gina ƙashi suka iso, sai su ɗauka gida suka zo, su hau aiki. Gilashin na raguwa, sabon ƙashi na cike gurbinsa.

Amma gilashi gilashi ne, yana tsagewa. Ba wanda zai yi ƙashin cinya da shi. Shi ya sa farkon amfaninsa a jikin mutum, a tsakiyar shekarun 1980, a ƙananan ƙasusuwan cikin kunne ne, sannan aka koma cike ramin ƙashin muƙamuƙi a gindin haƙori. A 1982 Tadashi Kokubo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gasa wani irin gilashin har ƙananan duwatsu suka tsiro a cikinsa, ya koma tsakanin gilashi da tangaran. Wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har aka yi gyaran ƙashin baya da shi. A Finlan kuma akwai S53P4, wanda ake zubawa kamar tsakuwa a ramin ƙashin da ya ruɓe, domin narkewarsa tana sauya ruwan wurin yadda ƙwayoyin cuta ba sa iya zama. A ganina wannan ne ya fi dacewa da buƙatarmu, ganin yawan karayar da ke zuwa asibiti a makare, ta riga ta yi ruwa.

Kayan haɗin ma ba baƙi ba ne a gare mu. Tokar buntun shinkafa cike take da silika, ɓawon ƙwai kuwa cike yake da kalsiyam, kuma masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada haɗa irin wannan gilashi da su. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda na fasahar gilashi. Sai dai daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin tiyata tafiya ce ta shekaru: gwaji a dabbobi, gwaji a mutane, sannan izinin hukuma.

Kafin nan, ku duba kwalin man goge baki a kemis. In kun ga an rubuta NovaMin, kamar a wasu nau'o'in Sensodyne, garin gilashin Hench ne a ciki, yana toshe ƙananan ƙofofin haƙori masu sa a ji tsami in an sha ruwan sanyi.