Adjamé: Abubuwa uku da ake koya kafin hoton waya ya sayar da kaya

A kasuwar Adjamé da ke Abijan, ciniki ya daɗe da wuce bakin rumfa. Ɗan kasuwa kan ɗauki hoton shadda ko takalmi da waya, ya tura ta WhatsApp ga mai saye a Yamai, Maraɗi ko Kumasi, a daidaita farashi ba a ga juna ba. Rigimar kan taso ne in kaya sun isa, mai saye ya tarar launin ba shi ne wanda ya gani ba. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, rashin sanin ɗaukar hoto ne. Abin da ake koyarwa a ajin hoto, ko wurin maigida a situdiyo, ya kasu kashi uku: tsari, haske, da bita.

Tsari shi ne zaɓen abin da zai shiga hoto da abin da za a bari a waje. Adjamé wuri ne mai cunkoso: gbaka na wucewa, 'yan dako na turereniya, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama. Ido kan tsallake duk wannan, kyamara kuwa kwashewa take yi. Shi ya sa darasin farko shi ne a matsa kusa, a duba kusurwoyi huɗu kafin a danna. Sai ƙa'idar kashi uku: a raba fuskar waya gida tara da layuka biyu a tsaye, biyu a kwance, a ɗora abin da ake nufi inda layukan suka haɗu. Yawancin wayoyi suna da waɗannan layuka a cikin saitin kyamara.

Haske shi ya fi ba masu koyo wuya. Abijan na kusa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana hasken daga sama yake faɗowa: inuwa ta cika kwarmin ido, hula ta rufe goshi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko bayan la'asar, ko ranar da gajimare ya lulluɓe sama. A cikin kasuwa kuma akwai wani tarko, wato tamfol. Rumfa mai shuɗin tamfol takan rina farar shadda ta koma shuɗi-shuɗi, ja kuma ya ɓata launin atamfa. Maganin shi ne a fito da kaya bakin inuwa, a kashe fitilar waya, a sa farin kwali a gefe ya maido da haske. In baƙin mutum ya sa farar riga, kyamara kan bi rigar ta bar fuska cikin duhu. Sai a taɓa fuskar a jikin waya don ta auna haske daga nan.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a yankin. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, ya yi suna da hasken rana a tsakar gida da zane mai ado a bayan mutum. Cornélius Augustt Azaglo ya yi shekaru yana ɗaukar mutanen Korhogo da ƙauyukanta. Joana Choumali, haifaffiyar Abijan, ta zama mutum na farko daga Afirka da ya ci kyautar Prix Pictet a 2019, da hotunan da ta ɗauka da waya bayan harin Grand-Bassam na 2016, ta kuma yi musu ɗinkin zare.

Kashi na uku, bita, shi ne wanda mutane suka fi gudu. Ana jera hotuna, kowa ya faɗi inda idonsa ya fara sauka, daga ina haske ya fito, da abin da za a cire ba a yi asara ba. Mai hoton kan yi shiru har a gama, domin ba zai bi hotonsa zuwa Yamai ya yi bayani ba. Magana kan hoton take, ba kan mai shi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ba shi da aji zai iya nuna wa maƙwabcin rumfa hoto da kayan gefe da gefe, ya tambaye shi ko launin ya zo ɗaya.

Akwai kuma ladabi. Mai sayar da garba a Treichville ko mai tallar goro a bakin masallaci ba kayan kallo ba ne. A yi sallama, a nemi izini, a nuna masa hoton. In ya ce a goge, a goge. Baƙon da ke neman abinci a ƙasar wasu ya fi kowa sanin dalili.