Zaɓen Mitar Awon Wutar Lantarki

Duk wanda ya zaga garuruwan Birnin Konni da Malbaza da Illela a wannan zamani, ya ɗaga ido ya ga faya-fayan sola a kan soraye da rumfunan masu cajin waya, zai tabbatar cewa wutar lantarki ta zama abin da magidanci ke kiwo da kansa, ba abin da yake jira daga kamfanin NIGELEC kaɗai ba. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a shekarar 2018, mafi yawan wutar Nijar a wancan lokaci daga Nijeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agusta na 2023 sai jama'a suka ƙara karkata ga batir da inbata da janareta. To, da yake wuta gaibu ce ga ido, ba a sanin halinta sai da ma'auni, lalle ne mai waɗannan kaya ya mallaki mitar awo, domin ya fita daga zato ya shiga yaƙini.

Asalin wannan na'ura ana danganta shi ga wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, wanda ya gaji da ɗaukar ma'aunai barkatai, ya haɗa awon amfiya da bolt da om a akwati guda, aka fara sayar da ita da sunan AVO a 1923. Waɗannan ukun su ne ginshiƙanta har yau, wato yawan gudanar wuta, da ƙarfin turinta, da taurin hanyar da take bi.

Sharaɗin farko ga mai saye shi ne ya san aikin da zai sa ta, gama yawan alamomin da aka zana kewaye da makunninta ba hujja ba ne a kan nagartarta. Mai batir na bolt 12, na sola ne ko na mota ko na babur, bukatarsa mita mai lambobi wadda ke nuna adadi biyu bayan ɗigo, saboda tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa siririya ce ƙwarai: idan ya huta ya nuna 12.6 ya cika, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12.0 kuwa ana cin ransa ne, alhali mita mai allura ba ta iya bayyana wannan bambanci a fili. In an tada injin mota aka ga 13.8 zuwa 14.4, caji na shiga. In adadin bai motsa ba, a bar zargin batir a koma ga abin da ke ciyar da shi.

Amma mas'alar da ta fi cancantar tsayawa ita ce ta wutar gida mai bolt 220, inda kuskure ke iya zama ajali. Ƙananan mitocin nan masu araha da ke cike da kasuwannin kan iyaka suna da fa'ida ga yaro mai koyon gyaran rediyo da fitila, ban kuwa raina su ba; illarsu ita ce da yawansu ba su da fis a ramin amfiya 10, ta yadda idan mutum ya gama awon gudanar wuta, ya manta jar wayar a wannan rami, sa'an nan ya cusa bakunan cikin soket, ya haɗa wutar kai tsaye ke nan ta cikin abin da ke tafin hannunsa. Saboda haka wajibi ne a duba cewa ramukan amfiya duka suna da fis, a kuma nemi rubutun CAT II ga aikin soket, CAT III 600V ga akwatin rarraba wuta, tare da sanin cewa rubutu ba ya wuyar bugawa, don haka nauyin mita da kaurin wayoyinta da rufin bakunansu sun fi shi gaskiya. Wanda aikinsa ya yawaita a kan manyan wayoyi, mita mai baki kamar awartaki ta fi masa, tunda tana rungumar waya ɗaya ta auna ba tare da an yanke ta ba, sai dai ya tabbatar tana karanta wutar batir, don wasu ta soket kaɗai suka sani.

Abin da ke biye mustahabbi ne: ƙararrawar da ke kuka idan waya ba ta tsinke ba, da alamar True RMS, wadda ta fi zama dole ga masu inbata mai araha, domin wutarsa ba ta tashi ta sauka a hankali kamar ta kamfani, mita ta gama-gari kuwa sai ta karanta ta ƙasa da haƙiƙa.

Ita kanta mitar tana da batir a cikinta, galibi mai bolt 9, kuma idan ya yi rauni takan ƙara adadi, har a zargi janareta mai lafiya. Zafin bazara yana baƙanta fuskarta in an bar ta a gaban mota, ƙurar hunturu kuma tana shiga makunninta, shi ya sa masu sana'a ke ajiye ta cikin jaka, su kuma gwada ta a kan soket da suka san yana da wuta kafin su amince da sifirin da ta nuna musu.