Korona: Yadda ƙananan hukumomin Ingila suka kwashe masu kwana a titi, da abin da ya biyo baya

A ranar 23 ga Maris, 2020, Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya umarci jama'a su zauna a gida domin daƙile yaɗuwar cutar korona. Sai dai umarnin bai amsa tambaya ɗaya ba: wanda ba shi da gida fa, ina zai zauna?

Ƙidayar da aka yi a ƙarshen 2019 ta nuna mutum 4,266 ne ke kwana a titunan Ingila a dare guda. Wasu da dama kuma na kwana a gidajen agaji, inda ake jera gadaje daf da juna, kowa na amfani da banɗaki ɗaya. Da yawa daga cikinsu na fama da ciwon ƙirji da sauran cututtukan da kan sa korona ta yi kisa.

Kwana uku da fara kullen, ministan da ke kula da harkokin marasa matsuguni, Luke Hall, ya aike wa ƙananan hukumomin Ingila wasiƙa, yana neman su sama wa kowa wurin kwana kafin mako ya ƙare. An sa wa shirin suna "Everyone In", wato kowa ya shigo ciki, kuma Louise Casey, wadda ta daɗe tana aiki a wannan fanni, ita ta jagorance shi.

Otal-otal sun zama mafaka

Kullen ya hana tafiye-tafiye, don haka otal-otal da ɗakunan kwanan ɗalibai suka zama wayam. Ƙananan hukumomi suka kama hayarsu, ma'aikatansu da na ƙungiyoyin agaji suka riƙa bin tituna suna ɗauko mutane. A Landan, ofishin magajin gari Sadiq Khan ya fara da kama ɗakunan otal 300.

Aikin bai tsaya a ba da makulli ba. A wurare da dama an ware masu alamun cutar daban, an ware masu raunin lafiya daban, ana kai wa kowa abinci har ƙofar ɗaki. Ma'aikatan lafiya sun samu damar duba mutanen da suka shekara ba su ga likita ba, har da masu neman rabuwa da shaye-shaye.

Ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati na Birtaniya ya ce zuwa ƙarshen Nuwamban 2020 shirin ya taimaka wa fiye da mutum 33,000. Wannan adadi ya ninka ƙidayar 2019 kusan sau takwas, abin da ya nuna matsalar ta fi yadda ake zato girma. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa matakan sun hana mutuwar marasa matsuguni 266 a zangon farko na annobar, sun kuma kare kusan 21,000 daga kamuwa.

Baƙi sun shiga tsaka mai wuya

Akwai baƙin da sharaɗin bizarsu ya haramta musu cin gajiyar tallafin gwamnati, sharaɗin da ke kan bizar ɗalibai da ma'aikata da yawa, ciki har da 'yan Najeriya. Da farko an kwashe kowa ba tare da tambayar takardu ba, amma daga baya wasu ƙananan hukumomi suka fara ja da baya, suna cewa doka ta ɗaure musu hannu. Sai a Maris 2021 wata babbar kotu, a shari'ar da aka yi da ƙaramar hukumar Brighton da Hove, ta yanke cewa suna da hurumin ba irin waɗannan mutane masauki a lokacin annoba.

Otal ba gida ba ne

Da aka sassauta kullen, masu otal suka buƙaci ɗakunansu. A nan ne tsohuwar matsala ta sake fitowa fili: ƙarancin gidaje masu sauƙin haya. Tun 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi da rangwame, an sayar da kusan gida miliyan biyu a Ingila, kuma waɗanda aka gina a madadinsu ba su kai ko kusa ba. A 2024 iyalai kimanin miliyan 1.3 ne ke layin jiran irin waɗannan gidaje.

Gwamnati ta yi alƙawarin fam miliyan 433 don samar da gidaje 6,000 ga waɗanda aka kwashe daga titi, wasu ƙananan hukumomi kuma sun koma gini tun da aka cire musu ƙa'idar iyakance rance a 2018. Amma gini na cin shekaru, buƙata kuma ba ta jira. Dokar hana korar 'yan haya ta ƙare a ƙarshen Mayun 2021, ƙarin fam 20 na tallafin mako-mako ya tsaya a Oktoban shekarar, sannan tsadar rayuwa ta biyo baya.

Alƙaluma sun nuna yadda aka yi gaba aka dawo baya. Masu kwana a titi sun ragu zuwa 2,688 a 2020, amma suka hau zuwa 3,898 a 2023, sannan 4,667 a 2024, fiye da adadin da ake da shi kafin annobar.

Nauyin kuwa yana kan ƙananan hukumomi, domin doka ta wajabta musu samar da masauki ga iyalai masu yara da suka rasa gida. A 2023 yawan iyalan da ke zaune a masaukin wucin gadi ya haura 100,000, kuma a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 hukumomin sun kashe kusan fam biliyan 2.3 a kansu. Kuɗin da zai iya gina gidaje na dindindin yana tafiya ne a biyan hayar ɗakunan da babu wanda zai daɗe a ciki.