Darasin Kimiyya a Kofin Zoɓo

Malamin firamare ba sai yana da ɗakin gwaje-gwaje zai nuna wa yara aikin sinadarai ba. Ya jiƙa zoɓo, ya tace, ya raba shi kofin gilashi uku. A matse lemun tsami a na farko: jan zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rikiɗe zuwa shuɗi ko kore mai duhu. Na ukun a bar shi don kwatance.

Sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, shi ke sauya kama idan ya gamu da tsami ko kanwa. Abin da ya fi burge yara shi ne a ɗiga lemun cikin kofin kanwar: kumfa ta taso, ja ya dawo. A dai sa ido kada wani ya kurɓa, an san yaro da zoɓo.